Hukuncin Kaɗaitar Ɗalibi A Lokacin Dogon Hutu



Idan damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, a kan ga samari da jakunkuna a kafaɗa suna neman mota daga Talata Mafara zuwa ƙasar Maradun. Ɗalibai ne aka ba su dogon hutu. Waɗansu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Mafara su ke, waɗansu daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura ko Kwalejin Ilmi ta Maru, waɗansu kuwa daga jami'o'in Sakkwato da Gusau. Yajin aiki kan dagula lissafin zangon karatu, har hutun ya faɗo a wani lokaci dabam ko ya zarce misali, kamar a 2022 da ɗaliban jami'a suka yi wata takwas cur a gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko yaushe dai ya faɗo, saurayi kan wayi gari da makonni a hannunsa, ba darasi, ba jarrabawa, ba mai kiran suna a aji.

A ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, a ce ɗan Damaga ne. Ranar da ya sauka ya zaga dangi ya yi gaisuwa, aka yi murna. Kwana uku bayan haka sai ya shige shagonsa na ƙofar gida ya turo ƙyaure. Ƙanensa ke kai masa fura da tuwo. Uba ya saɓa fartanya da sassafe ya tafi maimai da sauran yara, shi yana ciki. Ladan ya kira salla, ya yi tasa a ɗaki. Ran da uban ya gaji ya yi magana, sai ya ce, "Baba, zaman waje ba abin da ke cikinsa sai gulma. Ai malamai ma sun ce a zamanin fitina keɓewa ta fi." Uban ya yi shiru, domin ya ji an ambaci malamai, ga shi kuma bai iya musu da ɗan kwaleji ba. To, shin yaron nan yana da gaskiya?

Da farko dai, maganar da ya ɗauko tana da asali. Malamai suna kiran janyewa daga mutane uzla, kuma tun zamanin tabi'ai a ke saɓani a kan wadda ta fi, ita ko cuɗanya. Imamu Khaɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kanta. Imamu Gazali ma ya ware mata wuri na musamman cikin Ihya'u Ulumiddini, inda ya jera mutanen kowane ɓangare. Cikin waɗanda suka karkata ga keɓewa akwai Sufyanus Sauri da Ibrahimu ɗan Adhama da Dawuduɗ Ɗa'i. Cikin waɗanda suka fi son cuɗanya akwai Sa'idu ɗan Musayyibi da Abdullahi ɗan Mubaraku da Imamu Shafi'i da Imamu Ahmadu ɗan Hanbali. Na farkon suna kafa hujja da hadisin Abu Sa'idil Khudri a cikin Bukhari, wanda ya yi bayanin zuwan wani zamani da Musulmi zai kora tumakinsa ya bi kan duwatsu domin ya tsere da addininsa daga fitina. Na biyun kuwa suna kawo hadisin Abdullahi ɗan Umaru da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya fifita mumini mai shiga mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya guje su.

Gazali bai yanke hukunci guda ga kowa da kowa ba. Abin da ya nuna shi ne a dubi mutumin da halinsa, a dubi waɗanda zai zauna da su, a dubi abin da ya sa ya janye, sa'an nan a dubi abin da ya rasa saboda janyewar, a auna. Wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora saurayin Damaga a kansa.

Babban abin da masu uzla ke nema, bayan sukunin ibada da tunani, shi ne kuɓuta daga laifuffukan da zama da mutane ke jawowa. Gazali ya ƙirga huɗu: cin naman mutane, da riya, da yin shiru a kan abin ƙi, da kuma satar hali, watau yadda ɗabi'ar mutum kan kwashi halin abokin zamansa sannu a hankali ba tare da ya farga ba. To, a buɗe ƙyauren shagon nan a ga abin da ke ciki. Za a tarar da saurayi kwance a katifa, fuskarsa ta yi haske, waya a hannu. Idan ya fito sau ɗaya a wuni, wurin mai caji ya nufa, ko wurin da ya san layi ya fi kamawa. Gulmar da ya ce ya gudu daga gare ta a majalisar unguwa, ta mutum shida ce ko bakwai. Wadda ya ke karantawa a zaurukan WhatsApp da Facebook ta mutum ɗari ce, a kan mutanen da bai taɓa gani ba, kuma idan ya tura ta gaba ya zama ɗaya daga masu yaɗa ta. Riya kuwa, mutumin dā kan guje wa idon jama'a don kada zuciyarsa ta so yabo, shi kuma wannan yana ɗaukar hoton littafin da bai karanta ba ya saka, ya koma yana ƙirga waɗanda suka yaba. Abin ƙi yana wucewa ta gabansa sau da yawa cikin sa'a guda, har ido ya saba, zuciya ta daina ɗaci. Satar hali kuma ita ce mafi muni, domin abokan zamansa na TikTok ba ya zaɓen su, na'ura ke turo masa su gwargwadon abin da ta ga idonsa ya daɗe a kai. Ashe ke nan yaron bai keɓe ba ko kaɗan. Ya rufe wa mutum goma da suka san shi ƙofa ne, waɗanda ya ke jin kunyarsu, ya buɗe wa dubbai waɗanda ba ya jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu.

Mutanen Zamfara sun taɓa ganin gwajin wannan magana da idonsu. A farkon watan Satumba na 2021, watau 1443 bisa lissafin Hijira, kwanaki kaɗan bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙasar Maradun, hukuma ta sa aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, aka yi makonni a haka. Wahalar da jama'a suka sha a lokacin ba ƙarama ba ce, kuma ba wanda zai yi fatan ta dawo. Amma duk saurayin da ke kiran zamansa na ɗaki keɓewa, yana iya tuna waɗannan makonni ya tambayi kansa: da waya ta mutu, ya ci gaba da zama a ɗakin cikin natsuwa, ko kuwa ɗakin ne ya yi masa ƙunci ya fito? Wanda ya fito ya san da wa ya ke zaune tun farko.

Har ila yau akwai abin tsoro a nan. Ibnu Majah ya ruwaito daga Saubanu labarin waɗansu mutane daga wannan al'umma da za su zo Ranar Ƙiyama da ayyukan lada masu girman duwatsun Tihama, Allah ya mai da su ƙura, dalili kuwa idan suka kaɗaita da abin da Allah ya haramta sai su keta shi. A ɗaya gefen kuma, cikin mutum bakwai da Bukhari da Muslimu suka ruwaito Allah zai sa a inuwarsa, akwai wanda ya tuna Allah shi kaɗai har idanunsa suka zubo da hawaye. Ɗaki ɗaya ne, dare ɗaya ne. A dā saurayin ƙauye da ke son ɓarna tilas ya fita nemanta, ya yi tafiya, ya yi tsoron kada a gan shi, wannan wahala kuwa ta tsare mutane da yawa. Yanzu caca da hotunan batsa suna cikin aljihu, kuɗin data kaɗai ke tsakani. Ƙwayoyi ma, irin su tiramadol da ruwan kodin da gwamnati ta hana a 2018, a irin wannan ɗaki rufaffe su kan fara kama yaro, ba wanda ya lura sai magana ta canja.

Sai batun abin da ya sa ya janye. Nan ne wurin da ya fi wuyar faɗa, domin zuciya ba ta son a taɓa shi. Gazali ya yi gargaɗi cewa sau da yawa girman kai ne ke sa mutum ya zaɓi zaman gida, yana tsoron idan ya shiga taro ba za a ba shi girman da ya ke ganin ya cancanta ba, sai ya laɓe da sunan ibada. Ya kuma ba da alama: irin wannan mutum yana son a zo wurinsa, ba ya son ya je wurin kowa. Duk wanda ya san ɗaliban hutu ya san wannan alama. Yaro ya yi shekara ɗaya a kwaleji, ya dawo yana ganin abokan da suka yi makarantar allo tare sun zama ƙauyawa, hirarsu ta taki da farashin buhu ba ta kai matsayinsa ba, fartanya kuma za ta ɓata masa hannu. Alhali kuwa da geron gonar nan aka biya kuɗin rajista, wataƙila har da ragon uwarsa aka kai kasuwar Talata. Abin mamaki ma, a kan sami wanda ilmin noma ya ke karantawa, yana da littafi cike da bayanin ƙasa da iri, amma bai taɓa zuwa ya duƙa ya ga me ke cin ganyen masarar ubansa ba.

Haƙƙin iyaye kuwa ko ibada ta gaskiya ba ta kau da shi, balle kwanciya. Labarin Juraiju da ke cikin Bukhari da Muslimu ya isa misali. Mutum ne daga Bani Isra'ila, ya gina ɗakin ibada ya keɓe a ciki. Uwarsa ta zo ta kira shi yana cikin nafila, ya yi ta wasiwasi tsakanin amsa mata da sallarsa, ya zaɓi salla. Da abin ya maimaitu sai ta yi masa addu'a, addu'ar kuwa ta kama shi: aka ƙaga masa cikin shege, aka rushe ɗakin, aka wulakanta shi, sai da Allah ya sa jariri ya yi magana sa'an nan ya wanke. Malamai sun ciro daga nan cewa amsa kiran uwa yana gaban nafila. Idan haka ta faru ga wanda salla ce ta riƙe shi, ina ga wanda uwarsa ke kira ya ɗebo mata ruwa, ya ce ta dakata ya ƙare kallo?

Game da jam'i, malaman mazhabar Malikiyya sun ce sunna ce mai ƙarfi, kuma hadisin Ibnu Umaru ya nuna ta fi sallar mutum shi kaɗai da daraja 27. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abud Darda'i gargaɗi a kan mutum uku da ke ƙauye ko daji ba su tsai da jam'i, aka kwatanta mai ware kansa da tunkiyar da ta bar garke, wadda ita kerkeci ke ci. Juma'a kuwa farilla ce a kan namiji baligi mazauni, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ƙayyade ta ga wanda ke cikin gari ko mil uku daga gare shi. Babu uzlar da ke kau da wannan. Abin lura ma shi ne, sa'ad da aka hori Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu saboda rashin fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, horon da aka yi musu shi ne a daina yi musu magana. Kwana 50 suka yi a haka, ƙuncin da suka shiga kuwa yana nan a aya ta 118 cikin Suratut Tauba. Abin da aka mai da horo ga manyan sahabbai, ga yaro yana ɗora wa kansa da hannunsa.

Amma fa ba za a zalunci saurayin ba. Akwai gaskiya a cikin kukansa, musamman a wannan ƙasa da wannan lokaci. Majalisar samari a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba ba wurin sakin baki ba ce. Maganar wane ya sayar da shanu, wane ɗansa ya aiko da kuɗi, tana iya fita daga bakin da bai nufi sharri ba ta faɗa kunnen mai kai rahoto daji, a kwana biyu a zo a ɗauke mutum. Wanda ya ƙaurace wa irin wannan zama ya kame harshensa ya yi daidai, kuma littafin Ahalari da a ke farawa da shi a zaure ya hana abota da fasiƙi da zama da shi ba bisa larura ba. Sai dai barin majalisa abu ne dabam, barin masallaci da gona da gaisuwar mara lafiya da jana'iza kuma abu ne dabam. Shi ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro.

Akwai kuma wanda kaɗaicin ne ya same shi, ba shi ya neme shi ba. Wani iyayensa ke aiko masa kada ya zo gida, hanya ba kyau, sai ya ƙare hutun a ɗakin haya a Mafara ko Gusau bayan abokai duk sun watse. Wani ya zo gidan ya tarar tsararrakinsa sun yi gudun hijira, gonakin nesa kuma ba su shiguwa. Wannan babu laifi a kansa. Mukhtasar na Halilu ya lissafa tsoron a ƙwace dukiya ko a tsare mutum ko a doke shi cikin uzurorin barin Juma'a kanta, tare da ruwan sama mai ƙarfi da taɓo mai yawa. Abin da ya rage gare shi shi ne ya nemi sahu a masallacin da ya fi kusa, ya nemi zauren karatu a unguwar da ya ke, kada ya bari mako ya wuce bai ji muryar iyayensa ba. A nan wayar ta yi amfaninta.

Waɗanda suka yi keɓewa ta gaskiya, da tsari suka yi ta. Gazali ya bar kujerarsa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095, ya tafi Dimashƙa da Baitul Muƙaddas ya keɓe, amma a lokacin ya riga ya zama babban malamin zamaninsa, cikin keɓewar ya rubuta Ihya'u, kuma a 1106 ya koma koyarwa a Naisaburi. Shi da kansa ya ce wanda bai san farillan da ke kansa ba, ya janye daga mutane kafin ya koya, ya yi saɓo, kuma mafi yawan lokacinsa a barci da tunanin banza zai ƙare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin a aiko shi, bayan aike kuwa abin da ya sunnanta shi ne i'itikafi, kwanaki ƙidayayyu, a cikin masallaci, inda a ke jam'i sau biyar. Kusa da gida ma ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara 20 ko kusa da haka, watau daidai shekarun ɗan kwalejin nan. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna kiran mutane zuwa ga addini, kuma Faru, wadda ke ƙasar Maradun ɗin nan, tana daga wuraren da Shehu ya zauna. Da ya ga jahilcin mutanen lokacin ya ce zamanin fitina ne ya turo ƙyaure, da wani tarihin a ke karantawa yau.

Duk da haka ɗalibi yana bukatar rabonsa na kaɗaici, kuma hutu ne lokacinsa. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da rarar lokaci ni'imomi ne biyu da yawancin mutane ke tafka asara a kansu, ɗan hutu kuwa duka biyun na hannunsa. Sa'a ɗaya bayan Asuba da ɗaya bayan Isha'i, waya a kashe a ajiye nesa da hannu, sun ishe shi abubuwa da yawa. Alƙur'ani izu 60 ne, wanda ya karanta izu biyu kullum zai sauke cikin kwana 30, a hutun wata biyu ya sauke sau biyu. Da yawa daga masu riƙe da takardar difloma ba su iya bayanin ƙabli da ba'adi ba, alhali Ahalari da Ishmawi 'yan ƙananan littattafai ne da za a iya ƙare su a gaban malamin zaure kafin a koma makaranta, in ya so a yi bita a ɗaki. Tsakanin waɗannan sa'o'i biyu wuni na mutane ne. Ga ƙanne da yaran maƙwabta waɗanda rufe makarantu ya mai da karatunsu baya, suna bukatar mai koya musu lissafi a gindin bishiya. Ga tsohuwa da ke son a karanta mata takardar asibiti. Ga gona, idan tana shiguwa.

Iyaye ma suna da nasu aikin, domin ba kowane rufaffen ƙyaure ne girman kai ko waya ke bayansa ba. Wani yaron jarrabawa ya faɗi ya kasa faɗa. Wani bashi ya ciwo. Wani kuwa ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba a hanya, ko an kashe masa aboki, abin ya zauna masa a rai. Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, kuma duniya ta farga da haɗarin kaɗaici har Ingila ta naɗa masa minista a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Idan uba ya ga ɗansa ya daina cin abinci, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, ya bar wanka, ya bar abin da a dā ya ke so, ko ya fara maganar gajiya da duniya, to faɗa da gori ba su ne magani ba. Ya shiga shagon da kansa ya zauna a bakin katifa, ya sa a kawo tuwon nan su ci a kwano ɗaya, ya yi tambaya ya jira amsa ko da za ta daɗe. Idan bakinsa ya yi masa nauyi a gaban uba, a sa kawu ko limamin unguwa ko malaminsa na allo. Idan makonni suka wuce abin bai sauya ba, a haɗa addu'a da zuwa asibiti, a fara da na Maradun ko na Talata Mafara, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato.